Tarwada ta mutu a Kwalkwalawa, zaure ya rikice

Mai Tarwada: Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da asuba na tarar da fiye da rabin tarwadata a mace, ciki sama. Wata huɗu ina ciyar da su, saura ƙiris in kwashe. Shekaranjiya maƙwabcina na fadama ya yi feshi a gonar shinkafa tai, yau ga abin da ya faru. Guba ce, kuma Allah ya isa.

Hajiyar Mabera: Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji.

Ɗan Danfodiyo: Allah ya mayar. Amma kafin a ce guba, an auna ruwan? Yanzu muna Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Gansakuka da rana tana ba ruwa iska, da dare kuma ta zuƙe, shi ya sa mutuwar kifi ta fi yawa gab da asuba. Ita tarwada takan leƙo sama ta shaƙi iska, don haka ni na fi zargin amoniya, wadda ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa. Yaushe rabonka da canja ruwa? A ɗebi ruwan yanzu a kwalba mai tsabta, kar a bari ya kwana. Yanke hukunci ba awo jahilci ne.

Basarke: Jahilci? Yaro, wa kake kira jahili? Mutum ya yi hasara, ya girmi babanka, kai ko gaisuwar kirki ba ka gama ba.

Ɗan Danfodiyo: Baba, aikin na ce, ban ce shi ba.

Basarke: Aikin wa? Kakannina a Rima suka tsufa, babu kwalba babu na'ura, da ido suke gane ruwa mai ciwo. Ku da kun riƙe takarda sai kowa ya zama jahili.

Malam na Gidan Igwai: A ƙa'ida jahilci rashin sanin abu ne kawai. Ni ma jahilin gyaran mota ne.

Basarke: To Malam, je ka tsohuwar kasuwa ka ce wa wani jahili, sannan ka tsaya ka yi mashi ƙa'ida.

Hajiyar Mabera: Ni dai bara ruwan famfo na zuba wa 'ya'yan kifina kai tsaye, kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, ya gama da su. Tun daga nan sai ruwa ya kwana a buɗe nake sa shi. Na sayi ɗan kayan awon nan mai canja launi, in pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya fita daga 6.5 zuwa 8.5 na san da matsala.

Bakabe: Kifin Rima ai ba ya zama cikin kashinsa, ruwa na tafiya. Kifin tanki daban. Basarke, ka zo Argungu ka ga su waye sarkawan gaske.

Basarke: Ruwan da kuke taƙama da shi ta ƙofar gidanmu yake wucewa kafin ya iso ku. Mu rufe Goronyo mu gani.

Bakabe: Dam ɗin na babanka ne?

Mai Tarwada: Don Allah jama'a, ni kifina ake magana.

Ɗan Danfodiyo: Alhaji, ka yi haƙuri da kalmar. Ruwan gonar yana shiga tafkinka? In ba ya shiga, ta ina maganin ya bi? Sannan wane abinci kake ba su, sau nawa a rana?

Shugaban Zaure: A bar maganar abinci. Mutum 9 ke sayen irinsa wurina, ba wanda ya kawo kuka.

Hajiyar Mabera: Ba wanda ya ambaci shagonka fa, Shugaba.

Basarke: Har yanzu yaron nan bai janye ba. "Ka yi haƙuri" daban, "na janye" daban.

Mai Tarwada: Ruwan dai na riga na zubar tun da hantsi, na cika sabo.

Shugaban Zaure: To, na rufe maganar nan. Abin da aka tsayar: an yi wa Alhaji jaje, kuma mafi yawa sun tafi a kan cewa feshin maƙwabci ne ko zafin rana. An tabbatar abinci ba shi da laifi. Matasa su iya bakinsu gaban manya. Mai buƙatar abincin kifi mai ƙwayar milimita 4, sabon kaya ya sauka jiya, a same ni bayan La'asar.