"Kowa ya zo sai ya tada sabon gini": me Sa'adi yake nufi?

Ɗalibar zanen gini:
Salamu alaikum. Jiya malaminmu ya rubuta mana baiti biyu na Sa'adi, mawaƙin Farisanci na birnin Shiraz a ƙasar Iran, daga gabatarwar littafinsa Gulistan da ya wallafa a 1258. Ma'anarsu: duk wanda ya zo sai ya tada sabon gini, ya tafi ya bar wa wani gidan; na bayansa ma ya ɗauko irin wannan burin, ginin kuwa ba wanda ya kai shi ƙarshe. Wai mu zana gida da wannan magana a zuciya. Ni dai ban ga haɗin waƙa da lissafin ƙarfe da siminti ba.

Tsohon magini:
'Yata, wa'azi ne kawai. Shi ne abin da muke cewa duniya rumfar kara. Malaminku yana so ku rage girman kai, shi ke nan.

Mai koyar da zane:
Baba, da wa'azi kaɗai ne da ba a kai shi ajin zane ba. A lura da "ya bar wa wani". Ɗalibi yakan zana gida kamar ranar buɗe shi ce ranar ƙarshe: fenti sabo, ba yaro, ba tsoho, ba mai gado. Baitin yana tambayarsa: wanda zai shiga bayan shekara arba'in fa? Ina zai ƙara ɗaki in iyali sun yi yawa? Tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta iya hawa matakalar nan da ka tsawwala?

Tsohon magini:
To in haka ne ai mun riga ku. Gidan ƙasa kullum ba a gama shi. Kowace shekara kafin damina a yi yaɓe, ɗa ya yi aure a fitar masa da sashe. Mu ba mu karanta Farisanci ba.

Mai son waƙa:
Gaskiyarka Baba, amma ɗaliban yau a kwamfuta suke zane, hannunsu bai taɓa tubali ba. Akwai baitocin da ake jingina wa Umar Khayyam, wani mawaƙin Farisanci, inda yumɓu yake ce wa mai ginin tukwane ya taka shi a hankali, shi ma dā mutum ne kamarsa. Wanda ya haddace wannan ba zai kalli ƙasa a matsayin kaya kawai ba. Mutanen Iran kuma sun ɗauki abin da gaske: kabarin Khayyam a Naishabur, wanda Hushang Seyhun ya zana aka kammala a 1963, an rubuta baitocinsa a jikin ginin da tayil.

Ɗan kwangila:
Ku yi haƙuri, waƙa ba ta hana rufi yoyo. Baitin ma ni ƙorafi na ji a ciki: kowa ya zo sai ya watsar da na wani ya fara nasa. Je ka ƙirga gine-ginen da aka bari a linta.

Mai koyar da zane:
Wannan fassarar ma ta shiga, Alhaji, har ta fi tawa zafi.

Ɗalibar zanen gini:
Na gode. Na goge katangar bayan gidan a zanena, na bar fili da bishiyar darbejiya, in mai gida ya so ɗaki nan gaba. Baba, tsakar gida taku nawa kuke bari?

Tsohon magini:
Ki bar inda za a shanya wanki a kuma ɗora tukunyar suna. Ki auna da wannan.