Na haɗa katin hoto biyu a tsohuwar kwamfuta, ɗaya ya ƙi tashi

Mai shagon bidiyo, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya. Don Allah masu sanin gyaran kwamfuta ku taimaka min. Ina da ɗan shago inda nake haɗa bidiyon biki da zana katin gayyata. Kwamfutata tsohuwa ce irin ta ofis, mai Core i5 3470 da RAM 8GB, tana kan Windows 10. Tun da can katin GT 710 ne a cikinta. Kwanan nan na sayi GTX 1050 Ti na hannu don bidiyo ya daina tsattsayawa. Sabon ba shi da ramin VGA, ni kuwa ina da tsohuwar monita da nake juya wa kwastoma su ga aikinsu, VGA kaɗai take karɓa. Sai na mayar da tsohon katin rami na biyu ya riƙe ta, sabon kuma ya riƙe babbar monita ta HDMI.

Tunda na saka sabon direba, wato manhajar da ke sa katin aiki, tsohuwar monitar ta yi baƙi ƙirin. A Device Manager akwai alamar rawaya a kan GT 710, an rubuta Code 43. Ga kuma wata matsalar: in ina fitar da dogon bidiyo, wani lokaci kwamfutar sai ta mutu gaba ɗaya. Akwai aikin biki a hannuna da na yi alkawarin bayarwa ranar Asabar. Katin ne ya ƙone ko me?

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam. Yayana, fara da ƙura. Lokacin hunturu ne, cire katin ka goge haƙoransa da busasshen ƙyalle, ka hure ramin, ka mayar har ka ji ya zauna daram. Ka tabbata ka zare wayar wuta tukuna.

Injiniya, Kawo:
Malam, kwantar da hankalinka, ina kyautata zaton katin bai ƙone ba. Gogewar da ƙanena ya faɗa ba laifi ba ce, amma matsalarka a direba take.

Katunan nan duka na Nvidia ne, kuma Windows direban Nvidia guda ɗaya take ɗora wa duk katunan kamfanin da ke cikin na'ura. Ba za ka ba wannan sabo ka ba wancan tsoho ba. To GT 710 ɗan zuriyar da ake kira Kepler ne, kuma tun 2021 aka daina saka zuriyar a sababbin direbobi, jerin 470 ne na ƙarshe da ya san ta. Shi kuwa 1050 Ti ɗan zuriyar Pascal ne, ya fito a 2016. Da ka saka sabon direba, ya gane 1050 Ti amma bai san GT 710 ba, shi ya sa ka ga rawayar nan.

Abin da za ka yi shi ne ka nemo direban da ya san su duka biyun. 472.12 na watan Satumba 2021 yana ɗaukar kowannensu. Daga shafin kamfanin za ka sauko da shi, ban da shafukan da ba a san asalinsu ba. Ka sauko da ƙaramar manhajar nan DDU ita ma. Sannan ka cire intanet, ka shiga Safe Mode, ka share tsohon direban tas da DDU, ka sake kunnawa, ka saka 472.12. Maganar cire intanet ɗin nan kada ka raina ta, domin in ka bar ta Windows za ta riga ka, ta jawo nata direban, ka koma gidan jiya.

In bayan haka ka ga Code 12 maimakon 43, wannan wata magana ce daban, ta BIOS ce, sai ka dawo mu duba.

Mai gyara, Kasuwar Barci:
Injiniya ya gama magana a kan baƙin allo, Allah ya ƙara basira. Ni mutuwar da take yi ce ta fi damuna, kuma direba ba zai magance ta ba. Alhaji, buɗe murfin ka karanta takardar da ke manne a jikin akwatin wutar, wato wanda ke raba wa kayan cikin kwamfutar wuta. Irin waɗannan na ofis da yawansu wat 240 ne, wasu ma ba su kai ba. Kamfanin katin ya ba da shawarar wat 300 ga 1050 Ti. Lissafa da kanka: sabon kati wat 75, kuma daga ramin yake shan duka, furosesa 77, tsohon kati 19, ban da hard disk da fanka. Ga akwatin ya tsufa, ya sha wutar janareto da ɗauke-ɗauken wuta, ba zai ba da abin da aka rubuta a jikinsa ba. Lokacin fitar da bidiyo ne kowa ke jan wuta iya ƙarfinsa, shi ya sa a nan take faɗuwa. Kuma kafin ka sayi wani akwatin ka duba bakin wayarsa, wasu kwamfutocin ofis nasu na daban ne, na kasuwa ba ya shiga.

Zafi ma na iya jawo haka. In tsohon katin ya toshe fankar sabon, iska ba ta shiga.

Ɗalibi, Malali:
Afuwan manya, tambaya gare ni. In an haɗa biyun, ba ƙarfinsu ke haɗuwa ba? 4GB na sabon da 2GB na tsohon su zama 6GB?

Injiniya, Kawo:
A'a ƙanena, kowanne da nasa yake aiki. Tsarin haɗa ƙarfin kati biyu da ake kira SLI sai katuna iri ɗaya, kuma 1050 Ti ma ba ya yin sa. A nan tsohon katin monita kawai yake riƙewa.

Hajiya mai shagon buga takardu, Unguwar Rimi:
Ɗan uwa, ni a ganina wahalar da kanka kake yi saboda monita ɗaya. 1050 Ti yana da ramuka uku, HDMI da DisplayPort da DVI. Tunda babbar ta riƙe HDMI, sayi ƙaramin abin nan mai juya DisplayPort zuwa VGA, ka cire GT 710 gaba ɗaya. Haka na yi wa tawa a shago. Amma ka nemi mai ɗan akwati a jikin wayar, wanda ke sauya siginar da gaske. Ɗan kan nan na DVI zuwa VGA da muka saba da shi ba zai yi a wannan katin ba, domin ba ya fitar da tsohuwar siginar VGA ko kaɗan. In ka yi haka ka rage wa akwatin wuta nauyi, iska ta samu hanya, kuma ba ka maƙale a direban 2021 ba, don wasu sababbin manhajojin bidiyo suna neman sabo.

Mai shagon bidiyo, Tudun Wada:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Injiniya, na bi yadda ka ce, monita biyun sun kawo, rawayar ta ɓace. Na duba akwatin wutar kuma, wat 240 ne kamar yadda Malam na Kasuwar Barci ya hango. Don haka zan bi shawarar Hajiya: yau da dare zan cire tsohon katin in fitar da bidiyon bikin da monita ɗaya, gobe in shiga kasuwa neman abin juyawar. Malam, in ta sake mutuwa bayan na cire shi, zan ɗauki hoton bakin wayar akwatin in turo nan ka duba min ko na kasuwa zai shiga.