Na saka DMA a direban sun4i-ss, amma sauri bai ƙaru ba

Ɗan Argungu: Assalamu alaikum, malamai. Ina da ƙaramar kwamfuta Banana Pi mai firosesa Allwinner A20 da nake ajiye lissafin ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a kai, faifan a kulle da dm-crypt, manhajar kulle faifai ta Linux. Direban sun4i-ss na kanel ɗin Linux, mai sarrafa injin kulle bayanai na AES da ke cikin A20, ba ya amfani da DMA (hanyar da na'ura ke ɗibar bayanai daga ƙwaƙwalwa ba tare da firosesa ba), firosesa ce ke zuba bayanai cikin injin da kanta, ta kuma kwashe. Shi ya sa da an fara kwafar fayil sai ta ɗau zafi, ga kuma zafin Kebbi a watan Afrilu. Sati uku ina fama, na buɗe hanyoyi biyu da dma_request_chan, ɗaya ta shiga ɗaya ta fita, don injin ya riƙa ɗiba daga ƙwaƙwalwa kai tsaye. Yana aiki, amma kwafar fayil ta ƙara nauyi. Abin da ya fi damuna, wajen warware abin da aka kulle da CBC (salon AES da ke ɗaure kowane gutsure da na bayansa) wani lokaci shirme ke fitowa. Ina na kuskure? Basussukan mutane ne a ciki.

Injiniya Gusau: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da shirmen. Idan wurin karantawa da na rubutawa ɗaya ne, ka kira dma_map_sg sau ɗaya da DMA_BIDIRECTIONAL, ba sau biyu ba. Sannan a CBC, bayit 16 na ƙarshe na kullallen saƙon su ne IV, wato bayit ɗin da ake farawa da su, na buƙata ta gaba. In ba ka kwafe su gefe kafin warwarewa ba, injin zai rubuta a kansu. Kada kuma ka taɓa sakamakon sai bayan dma_unmap_sg, don ma'ajiyar firosesa na iya riƙe da tsohon abu. Kunna CONFIG_DMA_API_DEBUG, zai tona maka da yawa.

Maman Hanifa: Batun nauyin kuwa ba mamaki, Malam. dm-crypt gutsure-gutsure yake aikowa, bayit 512 kowanne. Kafin ka shirya DMA, ka jira sanarwar gamawa, ai da firosesa ta gama da hannunta. Kamar ɗauko tirela ne don buhu ɗaya. Kada ka goge tsohuwar hanyar, bar wa ƙananan buƙatu ita, manya su bi DMA. Iyakar da ke tsakanin ƙanana da manya kuma tcrypt, manhajar gwajin sauri ta kanel, za ta nuna maka, gwada mode=500. LUKS2, tsarin kullallen faifai da ke aiki da dm-crypt, ma na karɓar gutsure mai bayit 4096.

Ɗan Argungu: Allah shi saka da alheri. Yaya Injiniya, IV ɗin ne, ban kwafe ba sam. Na gyara, tun la'asar nake gwaji ba shirme. Hajiya, na riga na goge tsohuwar hanyar, amma tana cikin git, inda nake ajiye tarihin gyare-gyarena, gobe in sha Allah zan dawo da ita. Kafin in taɓa faifan ƙungiya sai na kwafe shi a wani wuri tukuna.