Su wa suka fi iya ƙera bindigar farauta ta oda?

Ɗan Aboabo:
Salam jama'a. Jiya muna hira a Asawase wani ya ce akwai bindigar farauta da kuɗinta ya fi na gida a Kumasi, na ce ƙarya ne. Wai su wa ke ƙera irinta, me ya raba su da sauran maƙera?

Baban Nima:
Ba ƙarya ba ne ɗana. Ka nemi kamfanonin Purdey da Holland & Holland, duk a Landan suke, Purdey tun 1814. Su Holland ne suka fito da harsashin da ake kira .375 a 1912 har yau maharban manyan dabbobi na amfani da shi. Sai sun auna ka kamar tela, tsawon hannunka, kafaɗarka, inda kuncinka ke sauka, sannan su sassaƙa ƙotar da itacen gyaɗar Turawa, wato walnut. Ka biya kuma ka jira fiye da shekara.

Mai Walda:
Baba ka bar babban aikin ai. Ni da nake taɓa ƙarfe abin da ke ba ni mamaki mai baki biyu ce, dole bututun nan biyu su jefa harsashi waje ɗaya, to haka za a yi ta harbawa ana narka dalma ana gyarawa har saiti ya zauna. Kuma da hayaƙin fitila suke baƙanta ƙarfe su haɗa, inda baƙin ya goge nan za a ci da magagari. Zanen jikin kam ado ne kawai a wajena.

Ɗan Aboabo:
Tab, duk wannan don akrante, gyazbin daji?

Baban Nima:
Wane akrante, giwa da ɓauna ake nufi. Kai dai ko ta akranten ce sai da lasisin 'yan sanda.