Nas a aikin dare: shawarwarin 'yan'uwa a Makka da Jidda

'Yan'uwa nas-nas da suka tattauna sun ce cin zarafi na neman lalata da nas ya fi faruwa a aikin dare, bayan an ja labulen gado: ɗan jinya ya riƙe hannu, ko likita ya yi ta turo saƙo bayan tashi. Shawarar farko, a ranar ki rubuta kwanan wata, lokaci, lambar ɗaki da wanda ya gani. Kada ki goge saƙon WhatsApp don kunya, shi ne hujjarki. Ƙorafin baki yakan bi iska. Kai wa shugabar nas a rubuce, ki riƙe kwafi.

Dokar Saudiyya ta 2018 kan irin wannan cin zarafi ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 2 ko tarar da ta kai riyal 100,000, ko duka biyu; a wurin aiki kuwa, har shekara 5 ko riyal 300,000. Tsoron rasa iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ne ke rufe bakin da yawa.

Shirun kuma jiki ke biya: rashin barci, ciwon kai, faɗuwar gaba da an buga ƙararrawa. Mai kwana ba barci takan yi kuskuren awon magani. Idan abin ya wuce mako 2, ki ga likita.