Farautar barewa a Wisconsin: in hau bishiya ko in zauna a bukkar ƙasa?

Baban Hanif:
Salam 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka taɓa fita farautar barewa a nan Amurka ina neman shawara. Ina zaune a Wisconsin, bana na gama ajin koyon farauta na yanki lasisi, wani abokin aikina ya ce mu je gonar kawunsa lokacin farautar bindiga ta kwana 9 ɗin nan da ake buɗewa ranar Asabar kafin Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa da ake yi a watan Nuwamba. To na shiga shago na ga kaya iri biyu, akwai kujerar ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin bishiya mutum ya hau ya zauna, akwai kuma 'yar bukkar tanti mai tagogi da ake kafawa a ƙasa ka shige ciki ka yi dako. Kuɗin guda ɗaya gare ni. Shekarata 51, gwiwata ta hagu tana damuna in sanyi ya shigo, sannan yarona ɗan shekara 12 ya nace sai ya bi ni. Wanne zan saya?

Abu Sadik:
Wslm yaya. Ni dai shekara bakwai ke nan ina hawa bishiya a Michigan kuma gaskiya ban ga abin da ya kai ta ba. In kana sama kamar ƙafa 15 zuwa 20 kana hango dabba tun daga nesa, kana da lokacin shiryawa, warin jikinka kuma sau da yawa ta samanta yake wucewa, ita ko barewar nan mai farin wutsiya hancinta ne makaminta. Harsashi ma in ka harba daga sama ƙasa yake nufa ya nutse, ba ya tafiya ya sami wani a can gaba, kuma yakan fita ta ƙasan ƙirji sai jini ya zuba sosai ka ji daɗin bin sawu. Inda matsala take shi ne in ta zo daf da gindin bishiyar, a nan da wahala harsashi ya sami huhunta duka biyu, gara ka bari ta ɗan matsa ta ba ka gefe. Amma kar ka sayi irin wadda ake hawa da ita ana jan jiki, sai bishiya miƙaƙƙiya mara rassa take yi, ga wahala. Mai tsani ta mutum biyu ita ce daidai da kai da yaro.

Kawu Ɗanlami:
Baban Hanif ka ji ni da kyau, da wannan gwiwar taka ga yaro, wlh bukka zaka saya. Ba wai maganar Abu Sadik ba gaskiya ba ce, amma bai faɗa maka yadda tsanin ƙarfe yake ba da asuba in raɓa ta daskare a kai. Ni shekara huɗu da suka wuce na zauna awa biyar a sama, ƙafafuna sun mutu da sanyi ban sani ba, ina saukowa takalmi ya zame, Allah Ya sa ina ɗaure da ɗamara kuma igiyar tana haɗe tun daga ƙasa, haka na yi ta reto haƙarƙarina ya daki tsani, sati uku ina kwana a zaune. Yawancin masu faɗowa wajen hawa ko sauka suke faɗowa, ba a zaune ba. Duk wanda zai hau to ya sa ɗamara ta jiki gaba ɗaya, ya cire harsashi ya jawo bindiga da igiya bayan ya zauna, kar ya rataya ta ya hau.

Ita bukka tana tare iska, yaro zai iya motsi ya sha shayinsa ba a gan shi ba. Sai dai ta fi son haƙuri. Ka je ka kafa ta sati biyu ko uku kafin ranar, ka jingina mata rassa da ciyawa, don in barewa ta ga sabon abu a hanyarta tsayawa take ta buga ƙafa ta yi huci ta juya. Tagogin baya ka rufe su ruf, na gaba ka buɗe kaɗan, ka zauna can ciki inda duhu yake. Kuma rigar ruwan lemo dole ce lokacin bindiga, a filin gwamnatin jiha har bukkar sai an sa mata ƙyalle mai wannan kala da za a gani ta kowane ɓangare, ni ko a gonar mutum sawa nake don wani maharbin ya san da mutum a ciki.

Ɗan Maharba:
Ni ina gida Bauchi ban taɓa zuwa can ba, amma mahaifinmu Allah Ya jiƙansa maharbi ne kuma duka biyun yana yi, wataran ya hau reshe kusa da mashaya, wataran ya yi kwanto a cikin sabara. Abin da na ga ba ya wasa da shi iska ce. Zai ɗebi gari a yatsu ya saki ya ga inda ya nufa, in tana kaɗawa daga shi zuwa wajen naman to ya tashi ya sake wuri ko da ya sha wahalar gyara shi. Kar ka ɗauka tanti zai ɓoye warinka baba, ka kafa shi inda iska zata riƙa bugo maka fuska.

Baban Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Kawu Allah Ya ƙara lafiya. Bukkar zan ɗauka, ranar Lahadi zamu je da Hanif mu duba sawu a bakin gonar masara mu kafa. Tambaya ɗaya ta rage, an ce tun da duhu ake shiga, ya kuke yi da sallar asuba?

Kawu Ɗanlami:
Alwala tun daga gida, in alfijir ya keto sai ka yi a cikin bukkar a hankali, shi ya sa nake ce maka ka nemi mai tsayi wadda zaka iya miƙewa, ka share ganyen da ke ƙasa tun ranar kafawa don kar ya yi ƙara. Ka yi bismillah lokacin da zaka harba, wuƙa mai kaifi tana ƙugunka, in ka tarar da sauran rai ka yanka.