A taimaka da kalma kafin shirin gobe

Hadiza: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan ɗauki shirin kimiyya a nan Jos. Baƙuwata ta fara da karatun harhaɗa magunguna, daga baya ta koma fannin da Turawa ke kira kwamfuteshonal kemistiri. Wato kafin a shiga ɗakin gwaji, a zana siffar magani da ta furotin, wani sinadari na jikin ƙwayar cuta, a kwamfuta, a ga ko za su kama juna. Me zan kira shi? Na biyu kuma, me zan kira aikin nemo sabon magani?

Malam Bala: Wa alaikis salam. Kimiyyar sinadarai ta kwamfuta. Magana ta ƙare.

Dakta Usman: Ba ta ƙare ba, Malam. Kwamfuta kayan aiki ce kawai, lissafi ne tushen. John Pople, wanda ya raba kyautar Nobel ta 1998 da Walter Kohn kan aiki a wannan fanni, lissafi ya karanta a jami'ar Kembirij. Michael Levitt, haifaffen Afirka ta Kudu, da fiziks ya fara, ya samu tasa a 2013 tare da masana Karplus da Warshel. Ni dai kimiyyar sinadarai ta lissafi nake cewa.

Hadiza: Dakta, mai sauraro zai ɗauka awon sinadari ake nufi, cokali kaza cikin ruwa kaza.

Alhaji Garba: Wai har yanzu kwamfuta kuke cewa alhali muna da na'ura mai ƙwaƙwalwa? Na daɗe da ƙirƙiro kalma, SINLISSAFI. Mai yin aikin kuma basinlissafe. Gajeriya, ga daɗin faɗa.

Malam Bala: Alhaji, wannan ai kamar sunan maganin tari.

Alhaji Garba: Ku yi ta dariya. Haka kuka cika harshen da aro.

Dakta Usman: Allah ya ƙara girma, lissafi da na'ura da kimiyya duk daga Larabci muka aro su. Wane aron ne halal?

Alhaji Garba: Sun kwana a gida, sun zama 'yan gida. Kuma ba daga bakin 'yan Jos masu cewa "matana ya zo" zan koyi Hausa ba.

Talatu: Haba Baba! Mu da ke ciniki a kasuwar Taminus da wannan Hausar? Berom da Angas da Ibo duk suna jin shirin Anti Hadiza. Ka ce musu basinlissafe ka ga wanda zai tsaya.

Hadiza: Don Allah a dawo kan magana, na biyun fa?

Dakta Usman: Nan ma akwai ƙura. Niprisan, maganin sikila na cibiyar binciken magunguna ta Idu a Abuja, daga tsirran gargajiya ya fito, gano shi aka yi. Amma zanamivir na mura, da aka amince da shi a 1999, sai da masana a Ostireliya suka san siffar furotin ɗin ƙwayar sannan suka tsara abin da zai toshe shi. Wannan ƙira ce. In kin ce "binciken sabon magani", ya haɗe duka biyun.

Hadiza: Na ɗauki wannan. Na farkon kuma zan ce kimiyyar sinadarai ta kwamfuta, in bar baƙuwa ta yi bayanin lissafin.

Dakta Usman: Ban gamsu ba, amma shirinki ne.

Alhaji Garba: Ki dai ambaci sinlissafi ko sau ɗaya.

Hadiza: In lokaci ya rage, Alhaji.